Ruwa Biyu Na Yi Wa Fim Ɗin Babanka

Daga Kabo, ranar Asabar.

Abba,

Assalamu alaikum. Ina yi maka sannu da hanya tun kafin ka hau ta, don sanda za ka karanta wannan kana Kano, ni ina Kabo. Allah ya sa ka sauka lafiya, ka tarar da Kawunka Sale da iyalinsa lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin mota da sharrin mutum, ya sa albarka a cikin abin da ka je nema.

Na san za ka yi mamaki. Kai ne ɗan fari, shekara ashirin da uku ko sunanka na yanka ban taɓa kamawa ba, balle in zaunar da kai in yi maka doguwar magana, sai ga takarda shafi-shafi ɗaure a kan gwangwani da zaren ɗinki. Bakina ne ya kasa, shi ya sa na ba hannu. Kada ka kwance gwangwanin nan sai ka kai ƙarshen takardar. Na san ka da gaggawa, kullum kamar ana korar ka. Ajiye shi, ka nemi wuri ka zauna.

Tun kana firamare kake tambayar yayata Hajo, Innarka da ta goye ka, wai yaya fuskar babanka take. Ni ba ka tambaya ta, ni ma ba na tanka maka, amma ta bakinta na aika maka cewa negetif ɗin hotonsa, wato uwar hoton da ake buga shi daga ita, yana nan a gwangwani, ranar da ka girma ka iya aikin, da hannunka za ka fito da shi. Na san saboda wannan maganar ka nace sai da Kawunka ya samo maka malamin da har yanzu yake wanke fim a ɗakin duhu, a zamanin da kowa ke ɗaukar hoto da waya ana yi maka dariya. To, Abba, shekaranjiya Alhamis na buɗe gwangwanin. Fuskar babanka babu ita. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba ɓera ba ne, ba gara ba ce, ni ce. Zan gaya maka yadda aka yi tun daga farko, don aikin da za ka koya ke nan, kuma duk ramin da ke cikinsa na riga ka faɗawa.

Da aka kai ni Gwarzo daga Gude, ƙauyenmu na nan ƙasar Kabo, babanka yana da ɗan shagon hoto kusa da kasuwa. Fim mai kala Kano yake aikawa da shi, amma na baƙi da fari, na fasfo da irinsu, a gida yake wankewa, a ɗan ɗakin ajiya da ya toshe tagarsa da buhu da baƙin yadi. Aiki ya yi masa yawa, sai ya koya mini. A cikin duhu, da lalube, za ki naɗe fim ɗin ki saka a ɗan tankin roba mai murfi, wanda kofi ɗaya da ɗan ƙari ke cika shi. In kin rufe, sai ki buɗe ƙofa, haske ba ya shiga. Ki zuba maganin farko mai fito da hoto, ki zubar, ki ɗauraye, ki zuba na biyu da ake kira fiksa, mai kama hoton kada haske ya ci shi, sannan ki wanke da ruwa ki shanya. A baki ba wuya. Ni kuwa ji nake ba wata mace a Gwarzo da ta kai ni.

Ranar da ya fara barin ni kaɗai, fasfo ne na wasu dattawan Dugabau masu niyyar aikin Hajji. Yana jan kekensa a zaure ya waiwayo ya ce, "Ki riƙa motsa shi." Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba, kada a ce ban gane ba. Ni da na tashi a gaban kakata mai shanu, motsin abu mai ruwa a cikin gora iri ɗaya kawai na sani. Na ɗaura zani, na gyara zama, na kama tankin nan na dinga kaɗa shi da iyakar ƙarfina, ban tsaya ba har lokacin ya cika. Har gumi na yi, ina jin daɗi wai na yi aiki.

Da ya dawo ya ɗaga fim ɗin a bakin ƙofa, ya bi shi da kallo daga sama har ƙasa. Ta kowace 'yar ƙofar da ke gefen fim ɗin wani duhu ya feso ciki, fuskokin kuma sun yi ƙarfi, da aka buga su a takarda gemu ya haɗe da riga, ido ya zama rami. Sai ya dube ni ya ce, "To, man ya tashi?"

Na ce, "Wane mai?"

Ya ce, "Ai na ga nono kika kaɗa."

Wallahi gara da ya yi mini faɗa. Washegari ya hau keke har Dugabau, ya bi dattawan nan gida-gida yana ba su haƙuri su sake saka manyan riguna. Ya ce wani tsoho ya tambaye shi, "Malam, fuskar tawa ce ba ta karɓu ba?" Bai ce musu matarsa ce ba, ya ce kuskuren aiki ne.

Don haka in malaminka ya ce maka "motsa", kada ka yi irin girman kaina. Tambaye shi yaya, sau nawa, har zuwa yaushe, ko da zai ce kanka da tauri. Abin da babanka ya nuna mini daga baya shi ne a kifa tankin a hankali a dawo da shi, a kifa a dawo, rabin minti na farko ba tsayawa. Daga nan a ajiye, duk minti ɗaya a ɗauka a kifa sau uku ko huɗu. Kuma yadda ka yi yau haka za ka yi gobe, kada yau ka yi da fushi gobe ka yi da barci. Kai da ko ƙofa ba ka iya rufewa ba tare da ta yi ƙara ba, sai ka yi yaƙi da hannun nan naka.

Ka ɗauka na yi hankali? Ina! Tsoro ne ya kama ni, na koma ɗaya gefen. Tunda motsi ne ya jawo mini, na ce to bari in bar shi ya zauna lafiya. Aka yi saukar karatun Kawunka Sale a Gude, shi wannan da kake gidansa yanzu, lokacin ko gemu bai fito masa ba. Babanka ya je ya ɗauke shi riƙe da allonsa mai zayyana, ga mahaifinmu a gefe, ga malaminsa. Ya kawo mini fim ɗin ya koma shago. Na zuba magani, na ɗan karkata tankin sau ɗaya kamar mai tsoron kada ya farka, sai na ji ƙaurin talge a murhu. Na dire shi a ƙasa na ruga. Ina tuƙa tuwo ina leƙen agogo, ina cewa ai lokaci dai ake so ya cika, kuma zai cika ko ina wurin ko ba na wurin.

Kai, Abba! Da na warware shi na ga layi-layi sun gangaro daga sama zuwa ƙasa, kamar bango bayan ruwan sama, wani wuri ya fito wani wuri bai fito ba. Ga wasu ɗige-ɗige zagayayyu, ɗaya ya zauna daram a goshin Sale. Na ce a raina, wannan wace irin jaraba ce, ka taɓa laifi, ka bari laifi? Kuma wannan karon ba zancen hawa keke a sake. Sauka sau ɗaya ake yin ta, an ci shinkafa an watse, mahaifinmu ma ba mai yarda ya sake tsayawa gaban kyamara ba ne.

Babanka ya zaunar da ni ya ce, "Maganin da ke jikin fim gajiya yake yi. In ba ki motsa ba, gajiyayyen ne zai yi ta gangarowa, sabo ba zai samu wuri ba." Ɗigen kuwa kumfar iska ce da ta manne ta hana magani taɓa wurin, shi ya sa duk sanda aka kifa aka dawo, sai a ɗan buga gindin tankin a tebur sau biyu. Har yau Kawunka ya ɗauka kyamara ce ta cuce shi. In ka ga dama ka gaya masa, asirina ai ya riga ya gama tonuwa. Kai dai in ka zuba magani, wayar nan taka ka kashe ta ka bar ta a waje. Ko wa ya yi sallama, ya jira. Minti goma ba ta kashe kowa.

Waɗannan biyun sun yi mini sauƙi, don a ranar na ga ɓarnata, a ranar na sha kunyata. Na ukun shi ne ya yi shiru shekara ashirin da ɗaya.

Bazara ce, kana da shekara biyu. Rijiyar unguwa ta ja baya, 'yan garuwa kwana biyu ba su leƙo ba, abin da ke randata bai kai rabi ba. Babanka ya shigo da hantsi da sauran ɗauka ɗaya a ƙarshen fim, ya zauna a tabarma a tsakar gida, ka rarrafo ka haye cinyarsa. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na ce ya ba ni kyamarar. Ya yi dariya ya ce, "Mai hoto ai ba a ɗaukar sa." Gaskiya ya faɗa, ya ɗauki rabin Gwarzo amma shi ba shi da ko ɗaya. Na ce yau za a ɗauke shi. Ya saita mini, ya gyara hula, ya riƙe ka, na danna. Da zai fita ya miƙo mini fim ɗin ya ce, "Ruwa bakwai, kin dai sani."

Na sani kuwa. Dokarsa ce, bayan fiksa sai an cika tankin da ruwa an kifa an dawo an zubar, har sau bakwai. Na yi aikina tsaf, motsin ya tafi daidai, ba gaggawa ba sakaci. Da na zo wanki sai na leƙa randa. Ga girkin dare, ga alwala, ga tsummokinka jibge. Na yi ruwa ɗaya, na yi na biyu, na zaro fim ɗin na ɗaga. Tas! Ban taɓa fitar da mai kyau irinsa ba. Na ce a raina, Malam dai da son ɓarnar ruwa, abin da ya riga ya fita me za a ƙara masa? Na shanya shi.

Da yamma ya tambaye ni, "Ruwa nawa?"

Na ce, "Yadda ka ce."

Ko duba ni bai yi ba, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Ya buga guda ɗaya ya saka a gilashi muka rataye, ya yanke negetif ɗin ya saka a takarda ya jefa gwangwani tare da nasa. Wata huɗu tsakani zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Na gilashin kuwa, bayan na dawo Kabo, rufin ɗakina ya yi yoyo wata damina, ruwa ya shiga, takardar ta manne da gilashi ta saɓule. Na yi kuka, amma na ce ba komai, uwar tana gwangwani.

Za ka ce me ya hana ni buɗewa duk shekarun nan. Kunya ce, Abba. Mace a gidan ubanta, a gaban yayye da ƙanne, a gan ta ta zauna tana ɗaga hoton miji a rana? Wa zai ji wannan? Ko sunansa ban taɓa faɗa ba yana raye, balle in zauna ina kallon sa bayan ransa. Kuma na ɗauka abin da aka rufe aka saka a ƙasan akwati ba abin da zai same shi.

Ranar Alhamis bayan la'asar na ce bari in goge maka shi kafin in saka a jakarka. Ina ɗaga murfin wani wari ya buge ni, kamar na ƙwai da ya lalace. Na fara zaro na babanka, waɗanda ya wanke da hannunsa. Lafiyarsu ƙalau, kamar jiya aka yi su. Ga mutanen Gwarzo nan reras, waɗanda yawancinsu sun daɗe a ƙasa, har zanen hularsu ana gani. Hankalina ya kwanta. Sai na zo kan takardar da ya rubuta wa "Ni da Abba". Ta yi rawaya, ta manne. Na ɓamɓare a hankali, na je bakin ƙofa na ɗaga.

Ga tabarma. Ga ƙafafunsa. Ga 'yar ƙafarka, ga hannunsa a kan cikinka. Daga ƙirji zuwa sama kuwa wani tabo ne ja-ja mai duhu, kamar an tofa goro ya bushe. Na juya shi, na goga a hankali da bakin mayafi, na fita tsakar gida na ɗaga wa rana. Babu. Ban san na yi salati da ƙarfi ba sai da na ga Innarka Hajo ta fito da gudu da ludayi a hannu.

Ta ce, "Ke, lafiya? Kunama ce?"

Na miƙa mata. Ta ɗaga, ta karkata kai, ta ce, "Ina Malam ɗin?"

Na ce, "Yaya, na cinye shi."

Na zauna a ƙasa na gaya mata zancen ruwa biyun nan da ban taɓa gaya wa kowa ba, wanda ni kaina na manta da shi sai a lokacin ya faɗo mini. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Ruwan da ba a zuba ba tun yaron nan yana goye, shi ne sai yau?" Can ta ce, "Ki ce masa zafi ne. Shekara ashirin a akwati, wa zai musa?"

Na ce, "Zafin ne ya zaɓi nawa ya bar na Malam? Yaron nan wurin masu aikin zai je, kallo ɗaya malaminsa zai yi ya gane."

Ba zan ɓoye maka ba, na so in karɓi shawararta. Kwana biyu ina juya ta. Jiya da ka shigo kana murna kana ce wa Innarka abu na farko da za ka fara bugawa shi ne babanka, na juya baya na yi kamar ina neman wani abu a kwando. Amma "yadda ka ce" ɗin nan da na faɗa wa babanka ita ta kawo mu nan, da na ce masa biyu na yi, da a ranar ya mayar da shi ruwa, shi ke nan an wuce wurin. Ba zan ɗora wata a kanta ba.

Ka saurare ni da kyau a kan wanki, don nan ne ido ba ya taimakon ka. Fiksa in ya gama aikinsa ba ya fita da kansa, yana nan maƙale a jikin fim, ba launi ba alama, ya yi ta ci a hankali. Fim mai ruwa biyu da mai ruwa bakwai, ranar farko ba ka bambanta su. Ba yawan ruwan ake nema ba, sauyawar ake nema. Ka cika, ka kifa ka dawo, ka zubar, ka sake sabo, kowane zubi ka daɗe fiye da na baya. Ruwan kada ya zama wanda ya sha rana alhali maganin mai sanyi ne, su zo kusan ɗaya. In malaminka yana da nasa ƙidayar, bi tasa, amma ka cika ta ko yana nan ko ba ya nan. Kafin ka jiƙa fim, fara duba ruwanka. In bai isa ba kada ka fara, fim a bushe yana jira. In kuma ka rage, ka faɗa da bakinka a ranar, tun ana iya gyarawa. Mutumin da ya kawo maka fim ba zai dawo gobe ya kama ka ba, jikansa ne zai buɗe wata rana ya tarar da wayam.

Ka san abin da ya fi ci mini rai? Jiya na ɗauki kofi na auna biyar ɗin da na hana shi, na zuba a buta. Ba su cika ta ba. Na tsaya ina kallon butar nan har Innarka ta zo ta ɗauke ta daga gabana.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi nauyi. Bayan na rufe gwangwanin na ce to ba komai, ni ai na san shi, zan zaunar da kai in kwatanta maka shi tun daga goshi har haɓa. Na rufe ido in kawo shi. Hularsa ta zo. Tarinsa in ya shigo zaure ya zo, muryarsa ta zo, har warin maganin da ke yatsunsa. Fuskar ta ƙi. Na yi ta ƙoƙari, sai ta fara haɗuwa ta watse. Ashe duk shekarun nan na sakankance tana ajiye, ban riƙe ta ba. Subhanallahi, mutumin da na zauna da shi shekara biyar! Na tambayi Innarka, ta ce dogo ne, baƙi, mai fara'a. Wannan ai rabin mazan Gwarzo ne.

Don haka ka kai wa malaminka negetif ɗin yadda yake. Kada ka rufa mini asiri, ka ce masa mahaifiyarka ce ta yi masa ruwa biyu. Ka tambaye shi ko da wata dabara ta zamani da za a ceto wani abu a ƙarƙashin tabon, ko kunne ne, ko gefen baki. In an samu, ka buga biyu, ba kai kaɗai kake nema ba. In ba a samu ba, ka buga abin da ya rage. Hannunsa ne a cikinka, wannan dai ban cinye shi ba, kuma ina so in rataye shi a ɗakina kowa ya gani, kunyar ta ishe ni haka.

Na yi maka alkawarin fuskar ubanka tun kana yaro, ka gina rayuwarka a kai, na ba ka gwangwani babu ita. Ba a saba uwa ta roƙi ɗanta ba, amma ni na roƙe ka. Ka yafe mini, Abba.

Allah ya jiƙan babanka, ya haskaka kabarinsa. Allah ya tsare mini kai a inda kake, ya haɗa ka da malami mai haƙuri, ya ba ka hannu mai natsuwa da harshe mai gaskiya, ya dawo da kai gida lafiya. Ka gaida Kawunka da mutanen gidansa. Innarka tana gaishe ka.

Yanzu ka iya kwance zaren.

Wassalam,
Mahaifiyarka.